Amon Dandali: Tarihin Wasan Sallah a Kakangi daga Kalangu zuwa Lasifika

Gabatarwa

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan tarihin ƙasar Hausa labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu: wane ya gaji wane, wane ya ci garin wane, shekara nawa wane ya yi bisa gado. Ko bayanin bukukuwa aka zo yi, alƙalami yakan tsaya ne a ƙofar fada, inda ake busa kakaki, mahaya suna kai jahi. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma duk Bahaushe ya yi murna da haka. Sai dai idan sarki ya shiga gida, aka kwance wa dawaki sirdi, akwai wata Sallar da ke tashi a tituna da lunguna da dandali, wadda samari da 'yan mata da makaɗa da masu tuyar ƙosai ke shiryawa da kuɗin aljihunsu. Ita wannan ba ta da maroƙin da ke kiyaye salsalarta, ba ta kuma da magatakarda.

Sawunta nake son bi a wannan muƙala, a mahaifata Kakangi, cikin masarautar Birnin Gwari. Zan dogara ga abin da tarihi ya tabbatar, da abin da na ji daga bakin dattawan gidanmu, da wanda na gani da idona. Abin da na fahimta, wanda nake son mai karatu ya auna da kansa, shi ne: ga garin da ke bakin daji, wasan titi hanya ce da jama'a ke shaida wa kansu da maƙwabtansu cewa titin nan nasu ne, daren nan ma nasu ne. Saboda haka duk wanda ya san tarihin amon da ke tashi daga dandalin gari, ya san lokacin da garin ya zauna lafiya da lokacin da zaman lafiya ya kuɓuce masa.

Kakangi da Dajinta

Kakangi tana yammacin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, ta wajen iyakar Jihar Neja, maƙwabciyar Randagi. Ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, kuma da sunanta ake kiran ɗaya daga cikin kujeru biyu da Birnin Gwari ke da su a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, ɗayar kuwa Magajin Gari. Ƙasa ce ta noma, mai masara da dawa da shinkafa, ga kuma zinariya da aka daɗe ana haƙa a yankin tun zamanin Turawa. Mutanen wannan ƙasa gauraye suke: Hausawa da Gwarawa da Kamukawa, sai Fulanin da rugagensu ke kewaye da garuruwa.

Ba a maganar Birnin Gwari ba tare da dajinta ba. Dajin Kamuku, wanda aka killace a matsayin gandun En'e a 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya miƙe har ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara. Daga daji muke samun itace da zuma da saiwar magani da wurin kiwo, daga cikinsa kuma mugun baƙo yake fitowa tun ba yau ba. A ƙarni na 19 mahaya daga Kwantagora, a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun addabi ƙasashen Gwari da Kamuku da harin kamun bayi, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, takan ba ni labarin da ta gada daga nata kakannin. Takan ce, "Maigidana, a wancan zamani idan aka ji ƙishin-ƙishin mahara, abin da ake fara yi shi ne a rataye ganguna a kashe wuta, don kada amo ya nuna wa maƙiyi hanya. Ran da ka ji an sauko da kalangu, to, ka kwana da minshari." Ina yaro na ɗauki wannan magana tamkar tatsuniya. Ita ce kuwa mabuɗin dukan abin da zai biyo baya.

Tushe Biyu: Hawa da Kalankuwa

Wasan titi irin wanda muka taso muka tarar yana da saiwa biyu, ɗaya daga fada, ɗaya daga gona.

Ta fada ita ce hawa. Tarihin Kano ya danganta kakaki da figini da fara sallar Idi a Shadakoko ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Asalin hawa mubaya'a ce da ƙidayar ƙarfi: kowane basarake ya fito da dawakinsa da mutanensa, sarki ya ga abin da zai iya fita da shi ranar yaƙi, talakawa kuma su ga wanda ke tsaron su. Da Turawa suka zo sai suka ɗora masa sunan daba, kalmar da suka taho da ita daga Indiya, suka mai da shi abin tarbar manyan baƙi, kamar wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Bayan mulkin kai ma an ci gaba da haka, har zuwa gagarumar dabar Kaduna ta bikin FESTAC a 1977.

Abin da ya iso ƙauye daga wannan duka ƙaramin hoto ne, amma cikakke. Idan an sauko daga Idi, hakimi ko dagaci yakan biyo hanyar gari bisa doki, masu unguwanni na biye, sannan kowace sana'a ta jeru da kiɗanta. Mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, maharba suna sakin bindigar toka, 'yan tauri suna goga wuƙaƙe a ciki suna kirari. Wanda ya tsaya a bakin hanya ya kalli wannan jerin gwano ya karanta garin kamar allo. Ya san sana'ar da ta bunƙasa, ya san gidan da ya yi sababbin riguna, ya san unguwar da ta yi fushi ta ƙi fitowa.

Saiwa ta biyu, wadda ta fi kusa da zuciyar samari, ita ce kalankuwa, bikin da ake yi bayan an kau da amfanin gona. A nan matasa ne ke da gari. Sukan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, a zamanin Turawa har da Di'o da likita, su kafa fada ta wasa, su yi shari'a ta wasa, su ci tarar wanda ya taka doka a biya da goro ko 'yan kwabbai. A ƙarƙashin raha akwai darasi, domin a nan ɗan talaka ke koyon yadda ake tara kuɗi, da sauke baƙi, da raba faɗa, a nan kuma yake samun damar kwaikwayon masu mulki a gaban idonsu ba tare da an ɗaure shi ba. Kalankuwar Bomo, kusa da Samarun Zariya, ta yi suna domin masana daga Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazari a kanta, amma irinta ta kasance a ƙauyuka masu yawa da babu wanda ya je da takarda. Muhimmin abu a cikinta shi ne gayya. Sarkin samari yakan aika da goro ƙauyukan da ke kewaye, su kuma su zo da makaɗansu da 'yan kokawarsu, su kwana biyu ko uku. Biki ne da ba ya yiwuwa sai hanya na da lafiya, rumbu kuma na da hatsi.

Tun farko wannan wasa bai rasa masu suka ba. Malaman jihadin 1804, da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan gaba, sun yi rubutu a kan cakuɗuwar maza da mata da shagala da kaɗe-kaɗe, kuma wannan muhawara ba ta mutu ba har yau. Abin da ƙauye ya yi shi ne sulhu irin na mutanen da dole su kwana a gari ɗaya. A nisanta dandali da masallaci, a tsai da kiɗa idan an kira salla, 'yan mata su yi gaɗarsu gefe guda, a kuma sallame su kafin dare ya raba. Ba a rubuta wannan yarjejeniya ba, amma kowane yaro ya san ta.

Zuwan Lasifika

Lasifika ba don rawa ta fara shigowa karkara ba. Siyasa ce ta kawo ta a shekarun 1950, lokacin da 'yan NPC da 'yan NEPU ke ɗaura ta a kan mota suna bin kasuwanni, daga baya ta hau hasumiyar masallaci da mumbarin wa'azi. A 1962 gidan rediyon Kaduna ya fara aiki, muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗankwairo da Ɗanmaraya Jos suka shiga zaurukan da masu su ba su taɓa ganin waɗannan mawaƙa ba. Garmaho ya zo ya wuce, kaset ya maye gurbinsa. A karo na farko aka raba waƙa da mawaƙi: ana iya jin Shata a Kakangi alhali yana kwance a Funtuwa.

Duk da haka makaɗin gari bai ji tsoro ba, domin rediyo mai batir ba ya cika dandali. Abin da ya sauya al'amari abubuwa uku ne da suka haɗu a ɗan tsakanin lokaci. Na farko finafinan Hausa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, suka kuma cika kasuwa da waƙoƙin fiyano bayan fitowar Sangaya a 1999. Na biyu ƙaramin janareta mai araha, wanda mutum ɗaya ke iya ɗauka a ka. Na uku babura masu sauƙin kuɗi daga Sin da Indiya, waɗanda suka mai da tafiyar yini ta koma ta sa'a guda. Da wayar salula ta zo a 2001, memori ya biyo bayanta, sai ya zama yaro ɗaya da akwatunan lasifika biyu da jarkar fetur yana ɗauke da waƙoƙin da makaɗa ɗari ba za su iya haddacewa ba. Shi ne aka kira mai DJ.

An yi asara, an kuma ci riba. Makaɗin kalangu ya san takenka da na ubanka da na kakanka, yana ganin ka shigo fili zai kaɗa maka abin da zai sa tsigar jikinka ta tashi. Akwati ba ya san kowa. Amma mai DJ bai daɗe ba ya gane cewa Bahaushe ba ya liƙi sai an ambaci sunansa, don haka ya ɗauki makirfo ya gaji aikin sanƙira, yana katse waƙa yana yi wa mutane kirari. Ribar kuwa ita ce nisan amo. Ganga takan tsaya a bayan gari, lasifika kuwa idan dare ya yi tsit takan kai tunga ta uku. Goron gayya ya ragu, domin amon kansa ya zama gayya.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A birnin Kingston na Jamaika, tun wajen 1950, talakawan da ba su da kuɗin shiga gidajen rawa suka riƙa fito da manyan akwatunan lasifika bakin titi. 'Ya'yansu da suka yi ƙaura zuwa Ingila suka tafi da al'adar. A unguwar Notting Hill ta Landan, inda aka yi tarzomar farautar baƙar fata a 1958, aka fara bikin titi a 1966, daga baya akwatunan suka shigo cikinsa, har ya zama ɗaya daga cikin manyan bukukuwan titi na Turai. Mutanen da aka kora daga titi da sanda sun koma kansa da kiɗa. Na kawo wannan misali ne domin ya nuna cewa inda duk aka ga jama'a sun nace sai sun yi wasa a fili, akwai wata magana da suke faɗa wadda ta wuce rawa.

Yinin Wasa Kamar Yadda na Gan Shi

Shekarun da na fi tunawa su ne na farkon ƙarnin nan, kafin al'amura su lalace. Shiri yakan fara tun tsakiyar azumi, daidai lokacin da yara ke yawon tashe. Samarin unguwarmu sukan zauna a bakin shagon mai shayi bayan asham a yanka wa kowa abin da zai bayar, manomi da mai faci da ɗan acaɓa, a rubuta a bayan littafin makaranta. Kuɗin kashi uku ne: na hayar kayan sauti daga Birnin Gwari, na fetur, da na makaɗan gari, domin dattawa sun kafa sharaɗi cewa ba za a kunna akwati ba sai an fara sallamar masu kalangu. Daga nan sarkin samari ya ɗauki goro ya je gaban mai unguwa, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaranka ne ke neman izinin fili." Shi kuma ya ce, "An ba ku, amma ban da makami, ban da maye, in an kira salla a kashe."

Ranar Sallah ta manya ce, washegari kuwa tamu. Da hantsi babura ke taruwa a bakin gari, an wanke su an ɗaura musu ƙyalle da balan-balan, kowace unguwa da ankonta. A gaba akwai amalanke ko a-kori-kura ɗauke da janareta da akwatuna, mai DJ na zaune bisa buhu yana riƙe da waya kada ta tsinke. Bayansa masu kalangu a ƙasa, suna gasa da akwati har jijiyar wuya ta fito. Sai 'yan mata cikin atamfa iri ɗaya, hannu ya sha lalle, sai yara da ba a gayyata ba, waɗanda su ne suka fi kowa yawa. Akan tsaya a ƙofar hakimi a yi gaisuwa, a tsaya a ƙofar liman a kashe sauti a karɓi addu'a, a tsaya a gidan duk wanda aka yi wa rasuwa a cikin shekarar a wuce shiru. Wannan tsayawa ta ƙarshe ita ce ta fi zauna mini a rai. Ɗaruruwan matasa da jininsu ke tafasa su yi tsit saboda tsohuwa ɗaya da ke takaba, sai an wuce katangarta sannan janareta ya sake tari.

Da la'asar ayari ya iso dandali, a nan ne baƙi ke bayyana. Mutanen tungaye sun iso a ƙafa da kan babur, Fulani sun fito daga rugage, samarinsu da sanduna da madubi da kitso, matansu da ƙoren nono. Wata shekarar sukan yi sharo a gefen fili, mu kuma mu kewaye muna kallo. Mai tsire ya kafa tukubarsa, mai rake ya zube kaya, masu alawa da ƙosai da fura sun jeru. Mata da yawa daga cinikin wannan yini suke fitar da kuɗin adashi, kuma aure nawa ne aka ƙulla daga kallon da aka yi a wannan fili! Idan magariba ta yi a kashe komai. Bayan isha a rataya ƙwan lantarki a reshen bishiya, a ci gaba har sai fetur ya ƙare.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin, domin ya zama jiki, shi ne yadda taron ke watsewa. Tsakar dare yarinya da ƙannenta za su kama hanyar tungarsu da 'yar tocila, Bafulatani ya bi burtali ya nufi ruga, uwa kuma tana gida tana barci ba ta damu ba. Wannan komawa gida cikin dare, ba yawan taro ko ƙarfin sauti ba, ita ce ainihin dukiyar da muke da ita.

Shekarun Shiru

Abin ya faro da satar shanu, ya koma tare hanya, ya zama garkuwa da mutane don kuɗin fansa, ya ƙare da ƙone garuruwa. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ta Buruku da Udawa, ta zama wadda ba a bi sai da rakiyar jami'an tsaro. A watan Mayu na 2018 aka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska a hari guda. Kakangi da Randagi da ƙauyukansu sun sha nasu rabon na hari da sata da gudun hijira. Manoma suka koma biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Wanda ya sayi izinin girbin gonarsa da kuɗi, da wane baki zai yi kalankuwa? Masarauta kanta, a ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ta sha dakatar da hawan Sallah saboda halin da ake ciki.

Babu wanda ya yi shelar hana wasa a garinmu. Ya mutu ne gaɓa-gaɓa. Da farko baƙin tungaye suka daina kwana, sannan suka daina zuwa. Fulani suka ɗauke ƙafa, domin zargi ya shiga tsakani: ɓarayin daji sun kwashe shanun da yawa daga cikinsu, a gari kuma ana yi wa kowane mai sanda kallon ɗan leƙen asiri, har ramuwar gayya ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Aka dawo da wasa daga dare zuwa la'asar, aka rage sauti, domin mai gadi a bakin gari yana bukatar kunnensa. Samarin da ke karɓar kuɗin hayar akwati suka koma karɓar na harsashi da na fansar 'yan'uwa, da yawa suka shiga aikin sa-kai. Maganar kakata ta dawo da ƙafarta: an rataye ganguna.

A 2020 annobar korona ta hana taro a ko'ina. A 2021 kuma gwamnatin Jihar Kaduna, don ta toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya, ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur na wata uku, ta kuma sa aka katse layukan waya a wasu yankuna. Ko mene ne amfanin waɗannan matakai ta fuskar tsaro, mai karatu ya dubi jerin da kyau: kasuwa, jarka, babur, waya. Su ne ƙafafu huɗu da wasan titi na zamani ya tsaya a kansu. Kayan da suka raya bikin su ne dai suka raya ta'addanci, shi ya sa maganin ɗaya ya zama dafin ɗayan.

Filin da jama'a suka bari kuwa ba ya zama fanko. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta sha kokawa cewa 'yan Ansaru sun kafu a gabashin Birnin Gwari, ta wajen Damari, suna wa'azi, suna hana harkar siyasa, suna raba wa mutane kyautar Sallah. Su ma sun gane abin da sarakunan dā suka gane: wanda ya mallaki ranar Sallah ya kama hanyar mallakar zukata.

Asarar da ta fi ci mini rai ba ta shiga lissafin jaridu. Ɗan yayata, wanda aka haifa cikin waɗannan shekaru, wata rana ya ji ƙarar babura da yawa sun doso, 'yan ɗaurin aure ne kawai, sai ya saki kwanon abincinsa ya shige ƙarƙashin gado. Da na jawo shi na ce, "Yaro, ai biki ne," sai ya dube ni ya ce, "Kawu, biki da babura?" Amon da ya kasance mana albishir ya zame masa gargaɗi. Haka kuma gidajen makaɗa: fatar kalangu ta bushe a rataye, tsofaffin da suka san taken kowane gida suna ta tafiya, 'ya'yansu sun watse zuwa Kaduna da Zariya da Minna neman abin kai wa baka.

Kammalawa

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma buɗe kasuwar kara da ta shekara da shekaru a rufe. Motoci sun dawo hanya, wasu manoma sun koma gonakin da suka zama kurmi. Jama'a sun yi hamdala, amma da taka-tsantsan, domin wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle, kuma an ga sulhu irin wannan ya warware a Zamfara da Katsina.

Hukuma tana auna zaman lafiya da yawan motocin da suka wuce da shanun da aka sayar, kuma ma'auni ne mai kyau. Tarihin da na bi ya ba mu wani na daban, wanda ba a iya yi masa kwaskwarima. Shin mutanen tungaye za su zo wasa su kai dare? Shin Bafulatani zai shigo dandali da sandarsa, a ba shi wuri ba tare da an bi shi da ido ba? Shin uwa za ta bar 'yarta ta fita gaɗa, ita kuma ta yi barci? Ran da aka amsa waɗannan da e, an sami lafiyar da ta wuce ta takarda.

Kafin wannan rana akwai aikin da ba ya jiran gwamnati. Ɗaliban Hausa da na tarihi daga wannan yanki su ɗauki wayoyinsu su zauna gaban tsofaffin makaɗa da tsofaffin sarakunan samari, su naɗi take da kirari da tsarin jerin gwano tun masu su na da rai. Masu unguwanni da malamai su sabunta tsohuwar yarjejeniyar nan ta fili da lokaci da ladabi, domin hana wasa ɗungurungum ba ya kashe shi, sai dai ya kora shi inda babu idon manya. Samari kuma, idan Allah Ya nufa aka sake tara kuɗin fetur, su tuna da sharaɗin dattawa na fara sallamar masu kalangu, su aika da goro ruga kamar yadda za su aika tunga. Kuma idan ayari ya tashi, gidajen da za a tsaya a wuce shiru sun yi yawa ƙwarai a wannan karo. Kada a tsallake ko ɗaya.